MASAUKIN BAƘI A BIRNIN FAS: TSOFFIN GIDAJE MASU TSIMIN RUWA DA WUTA

Sunan birnin Fas na ƙasar Maroko ba baƙo ba ne a kunnen jama'armu mazauna Sabon Ibadan da Agege da Shagamu, musamman 'yan ɗarikar Tijjaniyya. A can ne Shehu Ahmadu Tijjani ya zauna tun daga 1798 har ya rasu a 1815, kuma a can kabarinsa yake, cikin zawiyarsa da ke tsakiyar tsohon gari. Kowace shekara mutane daga Nijeriya da Nijar da Mali da Senegal sukan tafi ziyara, waɗansu kuma su haɗa da fatauci. Jirgin sama yakan ɗauke su daga Ikko zuwa Kasablanka, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Fas cikin awa huɗu ko kusa da haka.

To, duk wanda ya isa, abu na farko da zai nema shi ne wurin da zai ajiye kayansa. A shekarun baya-bayan nan kuwa maganar masauki a Fas ta wuce maganar kuɗin ɗaki kurum, ta zama maganar ruwan sha na mutanen gari da kuma lafiyar gine-ginen da suka gada kaka da kakanni.

GARIN DA AKA GINA A KAN RUWA

Sarki Idirisu na Ɗaya shi ne ya kafa Fas a wajen 789, ɗansa Idirisu na Biyu kuma ya kafa wani gari a ɗaya gefen kogi a 809. Daga baya Yusufu bin Tashfin ya haɗe garuruwan biyu cikin ganuwa ɗaya a wajen 1070. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Faɗimatu al-Fihri ta gina a 859, har yanzu yana nan. Sarakuna da yawa sun yi mulkin Maroko daga Fas, sai a 1912 Turawan Faransa suka mai da hedkwata Rabat. A 1981 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya raya garin tun farko shi ne ruwa. Magabata sun rarraba Kogin Fas cikin magudanan da suka bi ta ƙarƙashin gidaje, suna kai ruwa masallatai da gidajen wanka da injinan niƙa, sa'an nan waɗansu magudanan dabam su kwashe ƙazanta. Kowace unguwa tana da masallacinta, da wurin ɗibar ruwa, da gidan wanka, da gidan gasa burodi, da makarantar allo.

Yau ruwan nan ya yi ƙaranci. Bisa ga lissafin Bankin Duniya, a 1960 rabon kowane mutumin Maroko na ruwa a shekara ya kai kimanin mita 2,560 na awon cikin tanki, amma zuwa 2020 ya faɗo zuwa kimanin 620. A 2024 ƙasar ta shiga shekara ta shida a jere cikin fari, har hukuma ta sa aka riƙa rufe gidajen wanka kwana uku a mako a waɗansu birane kamar Kasablanka. A watan Fabrairu na 2025 Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da yanka ragon layya na wannan shekara, domin dabbobin ƙasar sun ragu da kashi 38 cikin 100 a cikin shekara tara. Masu sana'ar shanu da raguna a karar Agege ko ta Ibadan sun san nauyin wannan magana. Alhali kuwa a 2024 ɗin nan baƙi miliyan 17 da dubu 400 ne suka shiga ƙasar, kowannensu yana bukatar wanka da wanki. Ko da an sami shekara mai albarkar ruwan sama, ba ta mai da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka zuƙe shekara da shekaru a lokaci ɗaya.

GIDAN DA KE SANYAYA KANSA

Masaukai a Fas iri biyu ne. Akwai manyan otal-otal na sabon gari, masu benaye da na'urar sanyaya ɗaki da tafkin wanka da ciyawar da ake ba ruwa kullum. Akwai kuma tsoffin gidajen cikin gari da aka gyara aka mai da su masaukin baƙi, waɗanda ake kira riyad in suna da lambu a tsakiya, ko kuwa dar in ba su da shi.

Wanda ya tashi a gidan soro a Kano ko Zariya, sa'an nan ya zo ya ɗanɗani zafin ɗakin kwano a Kudu, zai gane hikimar ginin nan da sauri. Bangon riyad mai kauri ne, na jan bulo da farar ƙasa, kuma kusan ba shi da taga ta waje. Dukan ɗakuna tsakar gida suke fuskanta, inda akan sami ɗan kwarmin ruwa da itacen lemo. Da dare iska mai sanyi takan sauka ta kwanta a tsakar gidan, da rana kuma dogayen bangaye su tare rana. Saboda haka ko a watan Yuli da Agusta, lokacin da zafi kan haura awo 40, ƙasan gidan yakan kasance da sanyi ba tare da an ƙona wutar lantarki mai yawa ba. Sai dai da hunturu garin yana da sanyi ƙwarai, a nan ne ake bukatar ɗumama ɗaki.

Har ila yau mota ba ta shiga tsohon garin. Lungunansa, waɗanda ake cewa sun kai wajen 9,000, waɗansu da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Jakuna da alfadarai da kura su ke ɗaukar kaya, daga tukunyar iskar gas har akwatin baƙo, mai kora yana ihun "Balak!", watau a ba da hanya. Baƙon da ya sauka a ciki da ƙafa zai je zawiya, da ƙafa zai je kasuwa, babu hayaƙin mota.

KOREN MABUƊI

Domin bambanta masaukin da ke tsimi na gaskiya da mai cika baki, akwai wata shaida da ake kira Clef Verte da Faransanci, watau Koren Mabuɗi. An fara ta a ƙasar Denmak a 1994, a Maroko kuwa Gidauniyar Muhammadu na Shida ta Kare Muhalli, wadda Gimbiya Lalla Hasna ke shugabanta, ita ce ke bayar da ita. Ba a ba masauki sai an je an duba, kuma kowace shekara ake sabunta ta.

Daga cikin sharuɗɗan akwai sa wa famfon wanka abin da zai hana shi zubar da fiye da lita 9 a minti ɗaya, da karanta mitar ruwa da ta wuta a kai a kai domin a gane inda ke yoyo, da amfani da ƙwayayen lantarki marasa cin wuta. Ba a canza tawul da zanen gado kullum sai baƙo ya nema. Ana rarrabe shara, ana kuma koya wa ma'aikata dalilin yin haka. Masaukai da yawa sun ɗora tankin dafa ruwa da hasken rana a kan soro. Game da leda kuwa, tun watan Yuli na 2016 doka ta hana yin jakar leda da sayar da ita a ƙasar, ko da yake har yanzu akan gan ta a kasuwanni.

INDA GIZO KE SAƘA

Ba duk riyad ne ke da wannan hali ba. Tun wajen shekara ta 2000 Turawa da attajiran ƙasar suka shiga sayen tsoffin gidaje, kuɗin gida ya tashi, iyalai da yawa suka sayar suka koma bayan gari. Gidan da dā yake da makewayi ɗaya ko biyu, yanzu kowane ɗaki da nasa wurin wanka, duk suna zuba a tsohon magudani. Waɗansu magina kuma sukan shafe bango da siminti maimakon farar ƙasa, sai danshi ya maƙale a ciki yana cin bulo, a garin da daman gidaje da yawa an tokare su da katako don kada su faɗi. Hukumar ADER-Fès, wadda aka kafa a 1989, ita ke fama da gyaran irin waɗannan gidaje. Bugu da ƙari, saman soro a al'adar Fas wurin mata ne. Baƙon da ya hau can yana ɗaukar hoto yana leƙa gidajen maƙwabta ne, abin da Bahaushe ma ba zai yarda a yi masa ba.

Saboda wannan ne aka fito da wani shiri mai suna Ziyarates Fès, inda waɗansu iyalai kimanin 30 na cikin gari ke saukar da baƙo a gidansu, ya ci abin da suke ci, kuɗin kuma ya shiga gyaran gidan, masu gida su zauna a unguwarsu. Wannan ya yi kama da yadda masu gida a Sabon Ibadan suka daɗe suna saukar da fataken shanu da na goro.

Sai kuma maganar kogi. Majemar Shuwara, wadda kusan kowane baƙo kan je kallo, har yanzu da farar ƙasa da kashin tantabara ake jima a cikinta, kamar yadda aka saba tun zamanin da fatun jar akuyar Sakkwato ke ƙetare Sahara zuwa Afirka ta Arewa, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko. Amma majemun zamani masu aiki da guba, da maƙeran tagulla, da masu matsar man zaitun, sun gurɓata Kogin Sebu ƙwarai. An ɗauke maƙera da yawa zuwa unguwar Ain Nokbi a bayan gari, a 2014 kuma aka buɗe babbar ma'aikatar tace ƙazamin ruwan birnin.

ABIN DA MAI NIYYAR TAFIYA ZAI KULA

Mai shirin ziyara yana iya tambaya tun kafin ya biya ko masaukin yana da Koren Mabuɗi, ko masu shi 'yan gari ne, ko kuma ma'aikatansa 'yan unguwa ne. In ya sauka, ya taƙaita wanka, ya yi alwala da buta maimakon sakin famfo, ya kashe na'urar sanyi in zai fita, ya riƙe jakarsa ta yadi zuwa kasuwa. Kada ya hau soron gida yana leƙe-leƙe, ya kuma biya mai jaki ko mai kura hakkinsa cikakke.

Jama'armu da ke sayen ruwan garwa a Ikko, suna kuma sane da yadda rijiya ke ƙafewa da bazara a gida, ba sai an koya musu darajar ruwa ba. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, gobe zai tashi. Mutanen Fas su za a bari da abin da ya rage a famfo. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya.