Ƙagaggun Labaran Laifi a Hausa: Waɗanda Suka Cancanci Karatu

Gabatarwa

Malamin da ke koyar da adabin Hausa a makarantun sakandare na Birnin Kudu ko Gwaram ya san wannan tambaya, domin iyaye sukan yi masa ita: ina amfanin ba yaro littafin ɓarayi? Ɗalibin jami'a kuma da ya karanta Agatha Christie ko James Hadley Chase yakan ce Hausa ba ta da labarin laifi sam. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa duka biyun sun yi kuskure. Muna da irin waɗannan littattafai tun farkon ƙagaggen labari na boko, sai dai tambayar da suke yi dabam ce da ta Turawa.

Tambayar Bature da ta Bahaushe

Labarin bincike irin na Turai ya samo tushe daga Edgar Allan Poe na Amurka a 1841, ya kuma bunƙasa a Ingila bayan fitowar Sherlock Holmes a 1887. Zubinsa sananne ne: a tsinci gawa, a ɓoye wa mai karatu wanda ya yi kisan, sa'an nan mai bincike ya bi diddigi har ya tona asiri a babin ƙarshe. Tambayar ita ce, wa ya aikata?

Marubucin Hausa kuwa ba ya ɓoye mai laifi. Tun shafin farko yake nuna shi, sau da yawa ma shi ne tauraron labarin. Abin da ke jan ran mai karatu shi ne: me ya kai shi ga haka, kuma ta wace hanya alhaki zai cim masa? Sunayen littattafan kansu shaida ne, domin karin magana ne masu yanke hukunci tun ba a buɗe bango ba: Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Ƙarshen Alewa Ƙasa.

Dalilin wannan bambanci ba ya rasa nasaba da yadda al'umma ta saba gano mai laifi. A ƙasar Hausa alƙali da shaidu da rantsuwa yake aiki, mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa, maharba kuma su ne masu bin sawu. Ɗan doka na En'e, wanda ya yi aiki har ƙarshen shekarun 1960, tsoronsa ake ji, ba a ɗauke shi gwanin warware sarƙaƙiya ba. Ke nan babu inda marubuci zai samo tauraro irin Holmes.

Littattafan

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu kuwa na laifi ne. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarawo ne da abokan sana'arsa, kuma ƙarfinsa yana ga dabara da raha, wato jinin tatsuniyar Gizo ne a jikinsa. Jiki Magayi na John Tafida da East ya fi shi nauyi nesa. Attajiri Malam Shaihu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. A nan mai karatu ne alƙali, domin ba a bar masa hukunci mai sauƙi ba. Wane ne mai laifi: wanda ya yi kisan, ko wanda ya yi asirin, ko wanda ya fara zalunci?

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, ya kamata ya fi kusa da zuciyar ɗalibin kudancin Jigawa. Jigonsa shi ne saurayin ƙauye da ya bar gona ya tafi birni, ya faɗa hannun miyagun abokai. Duk wanda ya ga samari suna hawa mota a tashar Birnin Kudu bayan girbi, sun nufi Kano cin rani, ba ya bukatar a warware masa wannan jigo.

A farkon shekarun 1980 gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta kawo sauyi babba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya ɗauke laifi daga hannun ɓarawon zaure ya ɗora shi a kan babbar riga: Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne da ke saye ma'aikata da kuɗinsa, jama'a kuma na durƙusa masa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya bi Mailoma da rundunarsa ta 'yan ta'adda a bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da makamai da tsofaffin sojoji suka warwatsu cikin ƙasa. Wanda ya karanta shi a yau, bayan abin da dazuzzukan Zamfara da Katsina suka gani, zai ji tsigar jikinsa ta tashi.

Daga shekarun 1990 marubutan Kano irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salihi sun shigo da saurin zubi da ɓoye sirri, wato sun matso kusa da salon Chase. Duk da haka hukuncin ƙarshe bai canza ba.

Naɗewa

Ba daidai ba ne a auna waɗannan littattafai da mudun Christie a ce sun gaza. Kowannensu ya adana irin tsoron da zamaninsa ya kwana da shi: sammu, ruɗin birni, cin hanci, bindiga. Amsar malami ga uban da ya zo da ƙorafi ita ce, littafin ba ya koya wa yaro sata. Yana nuna masa hanyar da ake bi a zama ɓarawo, tun daga matakin farko da ba a ɗauke shi a bakin komai ba.