ABIN DA YA FARU A BOPAL: ƘOFOFIN TSARO HUƊU, DUKA A BUƊE

A daren 2 ga watan Disamba na 1984, wayewar 3 ga wata, mutanen birnin Bopal na ƙasar Indiya suka farka cikin tari da raɗaɗin ido. Iskar guba ce ta kuɓuce daga wata masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide, ta bi unguwannin talakawa da ke jingine da katangarta. Hukumar jahar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, waɗanda suka shaƙi gubar kuwa sun zarce 500,000.

Ga yadda abin ya kasance. Masana'antar tana ajiye wani sinadari mai suna MIC cikin manyan tankuna. Halinsa shi ne in ya gamu da ruwa sai ya yi zafi, ya tafasa, ya zama iska. A wannan dare ruwa ya shiga tanki mai lamba 610, wanda ke ɗauke da kamar tan 40. Kamfani ya ce wani ne ya zuba shi da gangan, ma'aikata suka ce wajen wankin bututu ya kwarara. Ko ta ina ya shiga, da kayan tsaro na aiki, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Matakai huɗu aka tanada. Na farko injin sanyaya tanki, an kashe shi watanni kafin ranar. Na biyu na'urar da ke wanke iskar guba kafin ta fita, ba ta iya tare ta ba. Na uku dogon bututun da ke ƙone iskar a sama, an kwance shi don gyara. Na huɗu ruwan feshi, bai kai tsawon inda gubar ke fita ba. Kowane ɗaya an yi sakaci da shi ana dogara da sauran, ranar buƙata kuwa babu wanda ya tsaya.

Akwai kuma laifin rashin sanarwa. Maƙwabta ba su san abin da ke cikin tankunan ba, ba a koya musu rufe fuska da jiƙaƙƙen tsumma ba. Likitocin da aka kai wa majinyata ba su san irin gubar ba. A 1989 kamfani ya biya diyyar dala miliyan 470, amma kuɗi ba ya mayar da rai. A 1993 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 174 kan rigakafin manyan haɗura a masana'antu.

Mu ma muna da wuraren da ake sarrafa abu mai haɗari, kamar matatar man fetur ta Damagaram da aka buɗe a 2011, da tashar wuta ta kwal da ke Cirozerin. Saboda haka darasin namu ne.

Shugaban ma'aikata ya rage yawan abu mai guba ko mai kama wuta da yake ajiyewa, don abin da ba a tara ba, ba ya zuba. Kada a kashe na'urar tsaro don rage kuɗin aiki. In ta lalace, a tsai da aiki sai an gyara. Ma'aikaci da ya ga yoyo ko agogon awo da ya ƙi aiki ya faɗa nan take, a rubuta, kada a tsawata masa. Hukuma ta hana gina gidaje a bakin katangar masana'anta, ta riƙa aika masu bincike ba tare da sanarwa ba. A kuma shaida wa maƙwabta da likitoci da ƴan kwana-kwana abin da ke ciki, da abin da za su yi in jiniya ta yi ƙara.

Rigakafi ya fi magani. A Bopal an tanadi rigakafin, aka bar shi ya mutu kafin ranar da za a neme shi.