Me ya sa kamfanoni ke kashe gem ɗin da mutane suka shekara goma suna bugawa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar gem za mu yi, irin wanda ake bugawa da jama'a ta intanet. Ta yaya gem zai shekara takwas ko goma yana tafiya, mutane sun zuba masa kuɗi da lokaci, sai a wayi gari kamfani ya saki gajeriyar sanarwa ya ce an rufe?

Bari mu fara da The Crew, gem ɗin tseren motoci na kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa. Ya fito a Disambar 2014. A Disambar 2023 kamfanin ya daina sayar da shi, ya kuma kashe shi a ƙarshen Maris na 2024. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne, ko kai kaɗai kake son yin tserenka, gem ɗin ba ya buɗewa sai da intanet. Don haka wanda ya sayi faifai da kuɗinsa, faifan ya tashi daga aiki.

To me ya kawo haka? Gem na intanet rabi biyu ne. Rabi yana cikin wayarka ko kwamfutarka, wato hotuna da sauti da maɓallan da kake dannawa. Ɗaya rabin yana kan manyan kwamfutocin kamfani da ake kira saba. Can ne asusunka yake, da makinka, da kayan da ka saya, can ne kuma ake yanke hukuncin wa ya riga wa harbi. Ranar da aka kashe saba, abin da ya rage a hannunka ɓawo ne kawai.

Yanzu ga dalilan, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, kuɗi. Riƙe saba ba kuɗin wuta ne kaɗai ba. Akwai injiniyoyi masu gadin ta dare da rana, akwai masu farautar 'yan maguɗi, akwai masu amsa ƙorafi, akwai masu gyara gem ɗin duk sanda Android ko iPhone suka sabunta tsarinsu. Kuɗin nan ba sa raguwa sosai don 'yan wasa sun ragu. Kuma fa ba sai gem ya faɗi warwas ake rufe shi ba. Manyan kamfani suna duba cewa, ma'aikatan nan da ke kan tsohon gem, idan aka mai da su kan sabo, wanne zai fi kawowa? City of Heroes ya fito a 2004, yana da masoya na gani kashe ni. A ƙarshen Agustan 2012 kamfanin NCSoft na Koriya ta Kudu ya ce ya sauya alƙiblar kasuwancinsa, ya rufe reshen da ke yin gem ɗin. Ranar 30 ga Nuwamba aka kashe saba. Wata uku kacal aka ba mutanen da suka shekara takwas a ciki.

Na biyu, lasisi. Gem da yawa da kayan aro aka gina su. Motocin da ke ciki na wasu kamfanoni ne, waƙoƙin na wasu ne, jaruman ma na wasu ne, kuma kowanne da wa'adinsa. Kun san kayan aro ba ya rufe katara. Ubisoft da kansa ya ambaci matsalar lasisi da ta saba a sanarwar The Crew. Marvel Heroes ya fito a 2013. A Nuwambar 2017 Disney ya raba gari da kamfanin Gazillion mai yin gem ɗin. Da farko an ce sai ƙarshen Disamba za a rufe, amma kamfanin ya durƙushe, aka kashe gem ɗin tun ranar 27 ga Nuwamba.

Na ƙasar Sin ma ya fi wannan girma. Can kamfanin waje ba ya gudanar da gem sai ta hannun kamfanin gida. Da Blizzard na Amurka da NetEase na Sin suka kasa sabunta yarjejeniyarsu, a Janairun 2023 aka kashe World of Warcraft a ƙasar, gem ɗin da ake bugawa can tun 2005. Sai a 2024 ya dawo bayan sun sasanta. Kun ga a nan ba rashin 'yan wasa ba ne, giwaye biyu ne suka yi faɗa, ciyawa ta sha wuya.

Na uku, sabon gem. Kamfani ba ya son tsohon kayansa ya yi wa sabo kishiya. Overwatch ya fito a 2016, mutane suka saya da kuɗinsu. A farkon Oktoban 2022 aka kashe shi don Overwatch 2 ya hau gurbinsa, kuma babu hanyar komawa na da. Club Penguin na yara ya fara a 2005, Disney ya rufe shi a Maris na 2017 don ya tura yaran zuwa Club Penguin Island. Sabon bai yi shekara biyu ba shi ma aka rufe shi. The Crew kuwa, wata uku bayan fitowar The Crew Motorfest aka daina sayar da shi. Kowa ya yi wa kansa lissafi.

Na huɗu, ginshiƙin da aka ɗora gem a kai shi ke fara mutuwa. Wa ya tuna FarmVille, gonar nan ta Facebook? Ta fara a 2009, an rufe ta ranar 31 ga Disambar 2020, saboda da manhajar Flash aka gina ta, kuma kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a wannan ranar. Haka a 2014, da aka rufe GameSpy, wanda ke haɗa 'yan wasa da juna a gem masu ɗimbin yawa, tsoffin gem da dama suka rasa sashensu na intanet a lokaci guda. Sake gina tsohon gem a kan sabon ginshiƙi aiki ne mai tsada, kamfanoni kaɗan ne ke yarda su yi.

To me ya sa sanarwar ke zuwa kwatsam? Ai ranar da aka ce gem zai mutu, ranar ce mutane ke daina sayen kaya a ciki. Wa zai sayi riga ga jarumin da saura wata shida a binne shi? Don haka shiru ya fi wa kamfani riba. Sannan tattaunawar lasisi a ɓoye ake yin ta, sai ta watse ake ji. Wani lokaci ma'aikatan gem ɗin ma ba sa riga ka ji da yawa.

Wani zai ce, ai na biya, ina haƙƙina? Ka tuna doguwar yarjejeniyar nan da ake danna "na yarda" ba a karanta ba? A cikinta aka rubuta cewa izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. Kamar mai hayar shago ne ya zuba tayil ya yi fenti, mai gida ya ce zai rushe gini.

Amma mutane sun fara ɗaga murya. A Afrilun 2024 wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games saboda abin da ya faru da The Crew. Buƙatarsu ita ce, idan kamfani zai janye hannu, ya bar gem ɗin a yanayin da za a iya ci gaba da buga shi. A Yulin 2025 takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta tilasta wa masu sayarwa su faɗa wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Su kuma kamfanonin, ta bakin ƙungiyarsu ta Turai, sun ce hakan zai ƙara tsadar yin gem, kuma saba ta 'yan sa-kai ba ta da tsaron da zai kare bayanan mutane.

Abin dai ba gagararre ba ne. Da aka rufe Knockout City a 2023, masu shi sun saki wani nau'insa na kwamfuta da mutane za su kafa sabarsu da kansu. City of Heroes ma, masoyansa sun raya shi, har a Janairun 2024 NCSoft ya ba su lasisi a hukumance.

Mu dawo kanmu, masu Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da eFootball. Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, aka rufe shi ranar 1 ga Mayun 2023, kuma kamfanin EA ya ce ba zai mayar da kuɗin da mutane suka kashe a ciki ba. Don haka duk kuɗin da za ka sa a gem, ka ɗauke shi kamar kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo, ka biya ka more ka tashi. Kada ka ɗauke shi jari, balle ka ci bashi ka sayi asusun wani. Ka riƙa lura da alamu: sabbin abubuwa sun daina zuwa, kana daɗewa kafin a haɗa ka da abokan wasa, an cire gem ɗin daga Play Store, ko kamfanin ya fara tallan na biyu. Abokan da ka yi a ciki kuwa, ka karɓi lambarsu tun yanzu, don ranar da aka kashe saba, jerin sunayensu ma tafiya yake yi.

Wane gem aka taɓa rufewa kuna tsaka da jin daɗinsa? Kuma kuna ganin ya dace doka ta tilasta wa kamfanoni su bar shi a hannun masu bugawa? Ku faɗa mana a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.