Dishewar murya: belu ba shi da laifi

Da hunturu ya kankama a Galma Koudawatché da kewayen Madawa, Buza da Keita, sai ka ji ladan yana kiran salla da ƙyar, mai talla a kasuwa muryarta ta dishe. Nan take masu ba da shawara ke yawaita, wata gaskiya, wata kuwa tana cutarwa.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce wai belu ne ya sauko, a kira wanzami ya yanke. Ba haka ba ne. Murya tana fitowa daga wasu tantani biyu da ke can cikin maƙogwaro, iskar huhu tana kaɗa su kamar tsirkiyar goge. In mura ta kumbura su, ko ihu ya gajiyar da su, sauti ya lalace. Belu yana sama, nesa da wurin. Yanke shi ba ya dawo da murya, sai dai ya jawo zubar jini, aska ɗaya kuma tana iya yaɗa ciwon hanta ko sida. Jarirai suka fi shan wahalar wannan.

Masu cewa ƙura, hayaƙin itace da taba suna dishe murya sun yi gaskiya. Ƙwannafi ma yana yi. Zuma da citta a ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaro, amma hutu da yawan shan ruwa ne ke warkarwa, galibi cikin mako 1 zuwa 2. Raɗa ba hutu ba ce, ƙara wahalar da tantanin take yi. Kafso na ƴan tebur ma asarar kuɗi ne, don ba ya kashe ƙwayar mura.

Sai zancen sammu, wai an ɗaure wa mutum murya. Illarsa jinkiri ne. Dishewar da ta wuce makonni 3 tana iya zama tarin fuka ko ciwon daji, musamman ga mai shan taba, ko in akwai jini a majina, ramewa, kumburin wuya ko wahalar haɗiya. A je likita, a auna majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha. In ba a gano dalili ba, a nemi asibitin Madawa ya tura mutum Tawa ko Yamai, inda likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai leƙa tantanin da madubi ko siririn bututu mai fitila. Wanda numfashinsa ke yin ƙara kuwa, kar ya kwana gida.