Shagon tsaraba a gidan tarihi: me ya sa tsarin cikinsa ke da muhimmanci?

A mafi yawan gidajen tarihi na duniya, ana kafa shagon tsaraba ne daf da ƙofar fita. Dalili kuwa, wanda ya gama zagaye idonsa ya cika da abin da ya gani, kuma a lokacin ne yake son ya koma gida da wani abu a hannu. Shi ya sa masu tsara ɗakuna ke ɗaukar shagon a matsayin zauren ƙarshe na gidan.

Gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, misali ne mai kyau. A harabarsa akwai wurin masu sana'ar hannu, inda maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban baƙi. Mai saye yana ganin hannun da ya yi kayan, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda da ingancinsa.

Idan za a tsara irin wannan shago, abu na farko shi ne haske. Azurfa, kamar abin wuyan nan da aka sani da Croix d'Agadez, ta fi fitowa idan aka ɗora ta kan ƙyalle mai duhu, cikin akwatin gilashi, da fitila daga sama. Fata kuwa ba ta son rana: jaka ko takalmin da aka jera a bakin taga zai bushe ya koɗe. Gilashi kuma yana tare ƙurar hunturu.

Na biyu, hanya da tsawo. A bar fili yadda mutum biyu za su gifta, ko keken naƙasasshe ya wuce. Ƙananan kaya masu araha a sa su ƙasa, inda 'yan makaranta za su gani. Masu tsada a kusa da mai karɓar kuɗi.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne 'yar takardar da ke jikin kowane kaya: sunan garin da ya fito, abin da aka yi shi da shi, da farashi, cikin Faransanci da harsunan gida. Dole ta nuna cewa sabon aiki ne. Tun shekarar 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa gumakan yumɓu na Bura cikin jerin kayan Afirka da ɓarayi ke wawushewa. Shagon da ya bar baƙo cikin ruɗu tsakanin kwaikwayo da kayan tono, ya buɗe wa masu fasa-ƙwauri ƙofa.

Shago mai tsari na sa baƙo ya daɗe, ya saya da kwanciyar hankali, kuɗin kuma su shiga aljihun mai sana'a.