Shin Zanen Yaƙin Faransawa Shaida Ne?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya aiko yana cewa ya ga tsofaffin zane-zane na sojan Faransa suna cin ƙasashen Afirka, su bisa dawakai tsaf-tsaf, mutanenmu kuwa suna gudu. Yana tambaya, shin haka abin ya faru?

To Malam, mun gode da takardarka. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma fa a nan sai ka yi hattara. Mai zanen fada kamar maroƙi yake. Wanda ya ba shi riga shi yake wasawa.

Ga misali. Ranar 16 ga Mayu 1843, mahaya Faransa wajen 500 suka auka wa zangon Amir Abdulƙadir a Aljeriya. Zangon nan gari ne guda na tantuna, cike da mata da yara da dabbobi. Shi Abdulƙadir ba ya nan ran da aka kai harin. Wa ya jagoranci mahayan? Ɗan Sarkin Faransa, Louis-Philippe. Sai uban ya sa wani gwanin zane, Horace Vernet, ya zana abin. Tsawon zanen ya kai mita 21, wajen ƙafa 70 ke nan, aka kafa shi a fadar Versailles kusa da Paris. Shi kuwa mai zanen bai halarci yaƙin ba. Wanda ya kalli zanen sai ya ce an gama da Abdulƙadir, alhali bai miƙa wuya ba sai a Disamba 1847.

Ka lura kuma da abin da aka ɓoye. A 1845, shekarar da aka nuna wa jama'a zanen nan, wani kanar mai suna Pélissier ya sa aka hura wuta a bakin kogunan dutse na Dahra, hayaƙi ya kashe ɗaruruwan mutanen da suka fake ciki. Wannan bai samu bango a fada ba.

Jaridunsu ma haka. A 1911 jaridar Le Petit Journal ta zana Faransa kamar wata mace mai alheri tana zuba wa mutanen Maroko kuɗin zinariya. Manufa ita ce talakan Faransa, wanda da harajinsa ake yaƙin, ya ɗauka taimako aka je yi.

Kai da ke Maraɗi ba sai an kai ka nesa ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa. Ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. Ɓarnar ta kai har gwamnatinsu ta tura Kanar Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Labarin waɗanda aka kashe a garuruwan nan, a bakin jikokinsu ya fi zama.

Saboda haka, Malam, kada ka yar da zanen, yana nuna irin makamai da tufafin zamanin. Amma ka auna shi yadda kake auna hatsi a kasuwa, ba ka yarda da saman buhu sai ka zura hannu ƙasa. Tambayi wa ya zana, wa ya biya, wa aka bari a waje. In kuma da sauran dattijo a garinku da ya ji daga kakanninsa, je ka zauna da shi, ka sa yaro ya rubuta.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya ba da kasuwa.