Malaman Hisabi da Kimiyya a Fuskar Kuɗi

Babu wata takarda da ke shiga hannun kowa da kowa, malami da jahili, attajiri da fakiri, kamar takardar kuɗi; saboda haka duk lokacin da hukuma ta zaɓi fuskar da za ta buga a kanta, haƙiƙa tana sanar da talakawanta irin mutumin da ta ga ya cancanci girmamawa. Bisa al'ada sarakuna da shugabanni da mayaƙa ne suka mamaye wannan matsayi, amma akwai ƙasashen da suka ga ya wajaba a ba ma'abota ilimi nasu rabon.

Daga 1978 zuwa 1988 takardar fam ɗaya ta Ingila tana ɗauke da hoton Isaac Newton, wanda ya bayyana cewa ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa shi ne dai ke riƙe da wata a falakinsa, kuma shi kansa ya shugabanci gidan buga kuɗin sarauta daga 1699 har rasuwarsa a 1727. Jamus kuwa, a 1991, ta sa Carl Friedrich Gauss a takardar mak goma, ta zana kusa da fuskarsa lanƙwasasshen layin nan mai siffar ƙararrawa da masu ƙididdiga ke dogaro da shi, har ya zama mai sayen burodi yana tafe da darasin hisabi a aljihunsa, sai da kuɗin yuro ya maye gurbin mak a 2002.

Ƙasashen Musulmi ma ba su yi sakaci ba. A 2003 Iraƙi ta buga siffar Ibn al-Haisam a takardar dinari 10,000, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira ya wallafa Kitab al-Manazir, inda ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shigo cikin ido, saɓanin ra'ayin magabatan da suka ɗauka ido ne ke fitar da hasken. Tajikistan ta karrama Ibn Sina da somoni ashirin, Turkiyya kuma ta sa Cahit Arf da ƙa'idarsa ta hisabi a lira goma a 2009.

Fa'idar wannan a fili take, domin yaron da ya tambayi mahaifinsa ko wane ne wannan, aka ce masa malamin hisabi ne, ya riga ya fahimci cewa alƙalami ma yana kai mutum ga ɗaukaka. Mu ma muna da wanda ya cancanta, wato Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi talifi kan hatimin lambobi masu daidaita jimilla ta kowace fuska, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ko ba a buga fuska ba, ya kamata Babban Bankin Nijeriya ya buga sunansa da ɗaya daga hatimansa a takardar naira, domin ɗalibanmu su san cewa kakanninsu sun yi hisabi.